Ruwan sha a motar daji: abin da na rubuta tun farkon aikin

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na taɓa aikin ruwa, shi kaɗai ya rage a gyaran motar nan. Tsohuwar Hiace ce da na saya shekara biyu da suka wuce. Na cire kujerun baya, kafinta ya kafa mini gado da akwatin magani, mai walda ya ɗora faifan sola ɗaya a rufi. Sana'ata duba dabbobi ce, allura da ba da magani, kuma masu dabbobin ba a cikin gari suke ba. Sai in tashi daga Sakkwato in bi ta Boɗinga da Yabo har Tambuwal, in kwana biyu ko uku a rugage kafin in juyo. A Amurka da Turai irin wannan mota mai ɗaki a ciki sananniya ce, har da wuraren fakawa masu famfo da wuta. Mu nan rijiyar da ka tarar ita ce famfonka.

Bara da bazara na tafi da ɗana mai shekara tara, lokacin suna hutu. Ruwan ledar da muka ɗauko ya ƙare a rana ta biyu, muka sha na wata rijiya. Ruwa fari tas, ga sanyi kamar daga randa aka ɗebo shi. Ni ban ji komai ba. Shi kuwa washegari da dare gudawa ta tsinke masa, ga amai, kafin mu iso gari idanunsa sun faɗa. Kwana uku muka yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma tun daga ranar ban sake yarda da ruwa don kawai ido ya ga haskensa ba.

Ruwan leda ba mafita ba ce. A zafin Sakkwato in ya wuni a cikin mota sai ka ji ɗanɗanon ledar a bakinka, ga cin wuri, ga sharar da zan bari a makiyaya, ni da na sha ganin abin da ake cirowa daga tumbin saniyar da ta ci leda. Abin da nake so shi ne in ɗebi ruwa duk inda na samu, in tace shi a cikin mota, in ba yaro ya sha hankalina kwance.

Asabar, 18 ga Janairu

Tanki. Wani ya kawo mini shuɗiyar durom mai araha, na buɗe na shinshina, na ji wani wari mai kama da na fenti. Ba wanda ya san abin da aka fara zubawa a ciki, kuma roba tana riƙe abin da ta sha. Na mayar. Na sayi sabon tankin roba na ruwan sha mai cin lita 100, baƙi, don in haske yana ratsa tanki gansakuka na fitowa a ciki. Bakinsa na da faɗi, hannuna na shiga har gwiwa, saboda tankin da ba a iya wanke cikinsa ba tanki ba ne.

Lita 100 kilo 100 ke nan. Bakanikena ya ce a sa shi ƙarƙashin gado, daidai saman tayoyin baya, a ɗaure da ƙarfe biyu. Haka aka yi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mako guda na yi ina karatu da tambaya kafin in sayi filta, kuma na gode Allah da ban yi garaje ba.

Duk maganar filta a kan girman ƙofofinta take. Ana auna su da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikiron 70. Farar filtar nan da ake sayarwa ko'ina, mai kama da dunƙulen zare, yawanci maikiron 5 ce. Tana kama yashi da laka da tsatsa, ruwa ya fito garau. To amma ƙwayar da ke kawo kwalara da wadda ke kawo taifod kaurinsu bai kai maikiron 1 ba. Ta cikin wannan filta za su wuce kamar yadda ƙuda ke wucewa ta ƙofar zaure. Mutane da yawa ita kaɗai suke ɗaurawa, su ga ruwa ya yi haske, su ce an tace.

Wadda ke tare irin waɗannan ƙwayoyi ita ce mai maikiron 0.1, wadda cikinta wasu siraran bututu ne masu yawa kamar taliya. Ita ma tana da iyaka. Bairos, irin mai kawo ciwon hanta da ake ɗauka ta ruwa, ya fi ƙofofinta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi sai kulorin, sinadarin nan mai kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin bilic, ko tafasawa. Kulorin ɗin kuma akwai abin da ya fi ƙarfinsa: wata ƙwaya da na sani tun a makaranta, Cryptosporidium, mai sa 'yan maruƙa zawo, tana kama mutane, kuma ƙwanta na jure kulorin. Sai dai girmanta maikiron 4 zuwa 6 ne, filtar 0.1 na tare ta cikin sauƙi. Ashe kowanne yana rufe ɓarakar ɗan'uwansa ne. Ga mai ɗibar ruwa a inda shanu ke sha, duka biyun dole ne.

Ta uku ita ce ta gawayi. Ba gawayin girki ba, wani ne da aka sarrafa har ya zama duk ƙofofi. Aikinta cire wari da ɗanɗano da ragowar kulorin. Ba ta kashe komai.

A shagon da na je, yaron shagon ya ciro wata 'yar na'ura mai kama da biro, ya tsoma a kofi, lamba ta fito. Ya ce, "Alhaji, in tan nuna ƙasa ga ɗari, sha kawai, ba komi." Na ce masa, "Samari, wannan gishirin da ya narke a ruwa take aunawa, ba ta ganin cuta." Ruwan da ke ɗauke da kwalara zai iya nuna lamba ƙarama, ruwan burtsatse mai lafiya ya nuna babba. Na dai saye ta, tana da amfaninta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da narkakken abin cikinsa bai kai miligiram 600 a lita ba yana da daɗin sha, in ya haura 1,000 ya fara gundura. Abin da ya dame ni shi ne mutum nawa aka sallama da wannan magana.

Ya kuma so in ɗauki babbar na'urar nan mai matse ruwa ta cikin fata, irin ta masu gidan ruwan leda. Tana aiki ƙwarai, har gishiri take cirewa, amma a kan kowace lita da za ta ba ka sai ta zubar da wasu litoci. Wanda ya ja ruwa da guga daga rijiya mai gaba goma ba zai iya kallon wannan asara ba. Na bar ta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An haɗa. Ɗan ƙanwata da ke aikin famfo shi ya yi, ni ina miƙa masa kaya. Daga tanki ruwa na bi ta ƙaramin injin ja mai aiki da batirin mota, ya shiga filtar laka, ya shiga ta 0.1, ya shiga ta gawayi, ya fito ta kan famfo a bakin ƙofar gefe. Mun sa fis a wayar injin. Wuri biyu sun yi yoyo, ya kwance ya naɗa farin tef ya ɗaure, suka daina.

Ya ce, "Kawu, hancin tankin nan fa a buɗe yake." Gaskiyarsa. Dole tanki ya sami inda iska ke shiga, ga shi hunturu bai gama ba, ƙura har cikin haƙora. Muka lanƙwasa bututun iskar ya kalli ƙasa, muka ɗaure bakinsa da ƙyalle mai tsabta.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Jiya da yau na gwada a daji, a wata ruga yamma da Yabo. Da gangan na tafi da rabin tanki don in cika a can.

Rijiyar tasu ba ta da murfi, bakinta itace ne da igiya ta sassaƙa. Na iso bayan an gama shayar da shanu, ruwan ya dama, launinsa kamar kunun kanwa. Na sa yara suka ja mini jarka biyu, na juye kai tsaye a tanki, ina ganin ai aikin filta ke nan. Kofin farko ya fito garau, yaran suka yi ta leƙe. Ban kai ga cika bokiti na uku ba injin ya canza murya, ruwan ya koma zirara kamar hawaye. Na kwance gidan filtar laka: farar filtar nan ta zama ja jawur, na shafa yatsa sai ga laka mai santsi kamar ta maginin tukwane. Filtar da na yi zaton za ta yi mini wata uku, yini ɗaya ba ta yi ba.

Wata tsohuwa tana zaune a kan turmi tana kallona tun ɗazu. Ta ce, "Ɗana, wanga ruwa ba a yi mai gaggawa. Bari nai aka yi shi kwanta." Ta aiki jikarta ta kawo ɗan dunƙulen alif a ƙullin zane. Ta riƙe shi da yatsu uku, ta zagaya da shi cikin bokiti sau kaɗan, ta cire, ta ce kada kowa ya taɓa. Ina tsaye na ga lakar ta fara haɗuwa ƙulli-ƙulli kamar nono ya tsinke, tana sauka a hankali. Kafin in gama yi wa garke ɗaya allura, saman bokitin ya yi fari, gindin ya yi kauri. Ta tsiyaye na saman ta cikin mayafi zuwa wata ƙwarya, ta zubar da na ƙasan.

Na ce, "Inna, mayafin fa?" Ta ce tun zamanin kurkunu ta saba. Ta ɗaga zanenta kaɗan ta nuna mini tabon a idon sawu. Na tuna lokacin da ake bi ƙauye-ƙauye ana raba ƙyallen tace ruwa, domin kurkunu ta cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa yake shiga mutum, kuma ƙyalle na tare su. Da wannan ƙyalle da wayar da kai aka ci ƙarfinsa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da shi. 'Ya'yanmu yanzu ko sunansa ba su sani ba. Ita kuwa ba ta daina tacewa ba.

Ta ce in babu alif, 'ya'yan zogale ma na yi, a ɓare a daka a zuba. Haka ne, sai dai ruwan zogale ba ya son ajiya, garin da ya rage a ciki na sa shi ya canza. Kuma da alif da zogale kwantar da laka suke yi, ba su gama da cuta.

Daren jiya tafasa ruwan na yi. In ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya, ya wadatar.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na canza tsari. Daga yau ruwan da bai kwanta ba ba zai ga cikin tankina ba. Na sayi bokitai biyu masu murfi, da alif, da yadi ɗaya na farin ƙyalle. Filtar laka kuma mun ciro ta daga bayan tanki mun mayar da ita gabansa, a kan tiyon cikawa. Akwai dalili na biyu bayan ceton filta: kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, lakar na cinye shi, ƙwayoyin cuta kuma na ɓuya a cikinta.

Mun wanke tankin, laka ta kai rabin kwano a gindinsa. Sannan na yi masa wankan bilic. Na cire filtoci tukuna, na zuba mililita 150 na bilic marar ƙamshi, mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, na cika da ruwa, na kunna injin har na ji warin a bakin famfo, na rufe na bar shi awa huɗu. Na zubar, na ɗauraye sau biyu. Wannan na wanki ne, ba na sha ba.

Na sha kuwa kaɗan ne ƙwarai: wajen mililita 6 a cikakken tanki, ina aunawa da sabon sirinji da na keɓe don haka kawai, na rubuta masa suna da jan biro don kada ya haɗu da na dabbobi. A jira rabin awa kafin a taɓa.

Azumi ya ƙarato, zan ajiye tafiya sai bayan salla.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na buɗe motar bayan mako biyar tana tsaye a rana. Na kunna famfo, ruwan ya fito da ɗumi da wani wari kamar na tsohon tulu. Na zubar da na tankin duka, na cika da sabo daga gida, na sa kulorin, na bar famfo ya zuba na ɗan lokaci. Warin ya tafi, ruwan ya yi kyau a ido. A da, da nan zan tsaya.

Na karɓo kwalabe biyu da aka dafa daga wani ɗakin gwaji a cikin gari. Ɗaya na cika daga tanki, ɗaya daga bakin famfo, na sa su a kula da ƙanƙara, na kai cikin awa ɗaya, don an ce kada su daɗe.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Sakamako ya fito, kuma ya tayar mini da hankali. Na tanki lafiya lau. Na bakin famfo, wanda ya bi ta duk filtocin da na kashe wa kuɗi, shi ne aka samu ƙwayoyin da ake kira kolifom a ciki. Ma'aikaciyar ta ce ba a ga E. coli ba, wadda ita ce shaidar kashi ya taɓa ruwa, kuma ƙa'ida ita ce kada a same ta ko ɗaya a mililita 100. Amma ta ce, "Baba, wani wuri a hanyar ruwan nan ba shi da tsabta, ku bincika."

Daga can gida na wuce na kwance komai a kan tabarma. Filtar 0.1 ba ta da laifi. Da na buɗe gidan ta gawayi sai na ji santsi a bangonsa, irin santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Ɗan guntun tiyon da ya tashi daga nan zuwa famfo, na tsaga shi da reza, cikinsa duk yauƙi.

Da na zauna na yi tunani sai abin ya fito fili. Gawayi na cire kulorin. Ke nan duk abin da ke bayansa ba shi da mai gadi. Shi kansa gawayin yana tara dattin da ƙwayoyi ke ci, ga jiƙa, ga duhu, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a waje, balle cikin rufaffiyar mota. Ni da hannuna na gina musu ɗaki a ƙofar ƙarshe, bayan sun wuce duk wani shinge. Takardar da ta zo da filtar ta cika shafi da gargaɗin kada a bari ruwa ya daskare a ciki, saboda an rubuta ta ne don ƙasashen sanyi. Abin da zafi ke yi, layi ɗaya ba ta ba shi ba.

Da ban kai gwajin nan ba, wannan ruwan zan miƙa wa yaron nan in ce sha, an tace.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mun juya jerin. Yanzu daga tanki sai inji, sai gawayi, sai filtar 0.1 a ƙarshe, manne da kan famfo, tsakaninsu bai kai taƙi ɗaya ba. Duk abin da ya tsiro a gawayi zai tarar da ita a gaba. Na sa sabon gawayi, na canza tiyo duka zuwa na ruwan sha marar nuna ciki, na sake wankan bilic.

Dokokin da na rubuta na manna a murfin akwatin magani: in mota za ta tsaya fiye da mako, a zubar da ruwa, a ciro gawayi. In an dawo, a bar famfo ya zuba kafin a tara. Tiyon cikawa ba ya taɓa ƙasa, bakinsa biyu a toshe, yana da jakarsa shi kaɗai. Wannan ta ƙarshe na daɗe ina sakaci da ita, ina jan tiyo a bakin rijiya inda shanu suka tattake.

Na kuma samo takardun gwajin kulorin, waɗanda ake tsomawa su canza launi. Abin da ake nema shi ne bayan rabin awa a samu kamar miligiram 0.5 a lita, kuma kada ya sauka ƙasa da 0.2. Na gano abu biyu. A wannan zafi, kulorin da na sa da safe kafin washegari da yamma ya kusa ɓacewa daga tanki. Sannan bilic ɗin kansa da na bari a mota ya yi rauni, mililita 6 ba ta kai inda take kaiwa a Fabrairu. Yanzu ƙaramar kwalba nake ɗauka daga gida kowace tafiya, kuma takarda ke gaya mini ko ya isa, ba hancina ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Tafiya biyu na yi da sabon tsari, ɗaya har Tambuwal. Filtar laka ɗaya ta ɗauke su duka, ta yi ruwan ƙasa amma tana wucewa. Filtar 0.1 na wanke ta ta baya da babban sirinji kamar yadda aka tsara ta, ruwan farko ya fito da ɗan duhu, na uku fari. Kwalaben da na kai ranar Litinin, na tanki da na famfo, duka ba a samu komai ba. Na kai wa uwargida takardar ta karanta da kanta. Ta ce in hutu ya zo yaron zai iya bina.

Ƙaramar 'yata kuwa, mai wata huɗu, ko an yi tafiya da ita nan gaba ba za a haɗa mata komai da ruwan rijiyar ruga ba. Rijiya marar zurfi da ke kusa da turken shanu takan ɗauki sinadarin naitiret daga taki. Narkakke ne, filtocina ba sa kama shi, kulorin ba ruwansa da shi, tafasawa ma ƙara masa kauri take yi, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Iyakar da aka sa miligiram 50 ce a lita. Na ba da saƙon takardun gwajinsa, in sun iso zan auna rijiyoyin da na fi ɗiba, in gaya wa masu su abin da na gani.

Zafin ruwan ma na samo masa dabara, ba sabuwa ba: jarka mai cin lita 5 na naɗe da buhun algarara, ina jiƙa shi in rataye a inuwar mota inda iska ke bi. Cikin awa ɗaya ya shawu. Abin da za a sha a yini kawai nake tarawa, tunda wanda ya fito daga famfo ba sauran kulorin a cikinsa.

Abin da ya rage shi ne damina. Ruwan farko in ya sauka yakan kwashe duk ƙazantar da rani ya tara ya zuba a rijiyoyi da gulabe, lokacin ne amai da gudawa ke yawa. Duk gwajin da na yi na rani ne. Na sayi filtar laka huɗu na ajiye, na ƙara alif, na kuma roƙi ɗakin gwajin su ajiye mini kwalabe shida. Da yammaci hadari ya fara haɗuwa ta gabas, jiya har an yi iska mai ƙura. In an yi ruwa biyu masu ƙarfi zan koma rijiyar tsohuwar nan in ɗebo, in kai mata sabon ƙyalle da na yanka mata.